Shekarar da Gero Ya Tsiro a Kwance

Maƙwabcina Malam Bulus ba ya rabuwa da rediyo. Tsohon malamin makaranta ne, aiki ya kawo shi Talata Mafara tun yana saurayi, har furfura ta cim masa a nan. Ranar Litinin bayan la'asar muna zaune a gindin dalbejiyar ƙofar gidansa, ina cikin magana ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Masu hasashen yanayi ne. Suka ce daminar bana ba ta da niyyar tafiya da wuri. A yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun za a ƙara samun ruwa mai ƙarfi da iska a makonnin nan, mazauna bakin tafki su yi hattara, manoma kuma kada su yi gaggawar kayar da gero.

"Ka ji ko, Malam Sani?" in ji shi.

Na ce, "Na ji. Su sai yau sunka sani? Ni ƙahwata ta gaya mini tun da asuba."

Ya yi ta dariya har da buga cinya, wai ƙafata ta fi na'urorinsu ke nan. Ni kuwa ban yi dariyar ba, don na san ɗana Nasiru ya riga ya haɗa mutane za su tafi gonarmu ta bakin tafki ranar Alhamis, su kayar da geron gaba ɗaya a yini guda. Na tashi na shiga gida. Na taɓa ganin irin wannan, kuma ni na yi shi da hannuna.

Yau shekara talatin da 'yan kai ke nan. Lokacin muna ƙauyenmu ta wajen Maradun, inda tafkin madatsar ruwa ta Bakolori yake kwance. Gonarmu ta gandu ta faro ne daga tudu ta gangaro har kusa da ruwa, ƙasa mai kyau, in ka jefa tsinke sai ka ce zai yi saiwa. A shekarar ne mahaifina ya miƙa mini gandu. Mahaifiyata ta riga ta rasu, shi kuma gwiwa ta hana shi sunkuyo. Da yake ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba. "Kai wane," haka yake ce mini. Ya kira ni zaure ya ce, "Kai wane, ga gona ga rumbu. Bakin gidan ga duk suna wuyanka." Bakin kuwa ba kaɗan ba ne: ni da matata Hajo da 'ya'yanmu biyu ƙanana, ga ƙannena huɗu, ga Baba.

Damina ta yi kyau a shekarar, babu abin cewa. Gero ya tashi ya fi mutum, zangarniya kamar damtsen ƙato. In na bi ta gefen gonar mutane su ce, "Sani, bana kam ka fi tsohonka." Ni kuma kaina ya yi ta kumbura. Girman kai rawanin tsiya, ni na naɗa shi har da kunnuwa biyu.

Yadda Baba yake girbi ba haka kowa yake yi ba. Shi ba ya kayar da gero gaba ɗaya. Yakan fara ne daga ƙasa, wajen ruwa, a sare yanki guda da magirbi, a bar shi ya sha rana, a yanke zangarniya, a ɗaure dami, a hau da shi tudu. Sai an kwashe wannan kafin a taɓa na gaba. Girbin da wasu suke gamawa cikin mako, mu sai mu kai wata muna yi. Kuma ba ya sa magirbi a gona sai ya ga abu biyu. Na farko raɓa: sai ta jiƙa masa ƙafar wando kwana uku a jere. Na biyu shamuwa: sai sun bar tsamiyar bakin kasuwa sun tafi. Tun ina yaro abin yake ba ni haushi. Kowa ya gama yana hutawa, mu muna nan muna jiran tsuntsu.

To ga shi gandu ya zo hannuna. Ruwa ya ɗauke kwana tara, sama ta yi fes. Tsuntsayen jan-baki kuma suka fara tasowa daga ciyayin bakin tafki suna sauka a kan gero. Da su na fake, amma gaskiyar magana so nake a gan ni. Ban shawarci kowa ba na kira gayya. Na raba goro gida gida, na gaya wa makaɗi, na aika har ƙauyukan maƙwabta. Surukina, mahaifin Hajo, mahauci ne a nan Talata Mafara, ya aiko da cinyar sa da kayan ciki don a ciyar da 'yan gayya. Mata suka kwana biyu suna daka. Sai da komai ya kankama sannan na je na gaya wa Baba.

Ya ɗago kai ya dube ni. Can ya ce, "Shamuwa sun tahi?"

Na ce, "Baba, tsuntsu ne fa. In ya ga dama ya kai Sallah."

Ya ce, "To."

Ranar gayya, bayan mun fito daga sallar asuba, ya riƙe hannun rigata. Bai taɓa yi mini haka ba. Ya ja ni bayan masallaci inda ciyawa ta yi tsawo, ya cire takalmi ya ce in cire nawa. Muka ratsa ciyawar har ƙarshe. Ya ɗaga ƙafarsa ya nuna mini. A bushe take ƙamas, ko alamar danshi babu. Ga wani irin zafi tun da sassafe, iska ta tsaya cik, gumi yana bin bayan mutum rana ba ta ko fito ba.

Ya ce, "Wanga ruwa bai ƙare ba. Ka sallami mutane. Su ci tuwonsu su tahi, babu laihi."

Kai! In sallami gayya? Mutum ya raba goro, ganga tana hanya, naman suruki yana kan wuta, sannan ya fito ya ce a koma gida saboda ciyawa ba ta jiƙe ba? Har na ji abin da za a riƙa faɗa a bakin kasuwa: an ba yaro gandu, amma igiyar tana hannun tsoho. Da wane ido zan dubi surukina? Na ce, "Baba, an riga an taru. Kunya ce."

Ya dube ni, ya mai da takalminsa. Ya ce, "Kai ad da gandu."

Amma kafin mutane su iso na hango shi cikin gonar yana ɗingishi, da wuƙa da tsohon buhu. Yana bi yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika yana yankewa. Iri yake cirewa, wanda a al'ada sai an gama girbi ake zaɓa. Ya kai ɗakinsa ya rataye a rufi. Na gani, na kau da kai.

Gayya ta yi gayya. Ƙarti sun fi arba'in, makaɗi yana bin su yana zuga, magirbi yana walƙiya, gero yana zubewa layi layi. Kafin la'asar gonar da Baba yake wata yana girbewa ta kwanta gaba ɗaya, daga tudu har bakin ruwa. Aka sha fura, aka ci tuwo da nama, makaɗi ya wasa ni har na rasa inda zan sa kaina don daɗi. Abin da ya rage kawai geron ya samu rana kwana huɗu ko biyar, a yanke a ɗaure.

Kwana biyu ya samu. A rana ta uku da hantsi gabas ta yi baƙi ƙirin. Tsuntsaye suka yi tsit. Iska ta taso daga kan tafki da sanyi da ƙarnin laka, ta fara kwashe rufin rumbuna. Muka ruga gona ni da ƙannena, muna yankan abin da za mu iya, amma ina! Hannu goma me zai yi wa aikin hannu tamanin? Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ya yini, ya kwana, da safe ya koma yayyafi, da azahar ya dawo sabo. Kwana shida rana ba ta leƙo ba. Katangar gidanmu ta gabas ta zube. Itace ya jiƙe, Hajo tana hura wuta tana hawaye don hayaƙi. Tufafi suka yi warin ruma a jikinmu.

Sannan tafki ya fara tasowa. Ba da hauka ya zo ba, a hankali ya riƙa hawa. Da safe in kafa kara a bakin ruwa, da yamma in tarar ruwan ya wuce shi. Ya cinye geron ƙasa, wanda da a tsarin Baba ne shi za a fara kwashewa. Ina tsaye ina kallon zangarniyata tana yawo a kan ruwa. Dawar da muka shuka a tsakani ta tsaya cikin ruwa har ta yi ja ta faɗi, wake kuwa ya ruɓe tun a rana ta huɗu.

Da rana ta fito muka je kwasar na tudu. Na ɗaga zangarniya ta farko, sai na ga ta yi kore. Kowace ƙwaya ta fitar da tsiro, saiwa ta kama ƙasa, sai ka fizga kafin ta taso. Wadda ba ta tsiro ba ta yi baƙi, in ka murza sai ta zama gari mai wari a hannunka. Na zauna a cikin laka na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Waɗanda geronsu yake tsaye sun yi asara su ma, amma sun tsira da fiye da rabi, don gero a tsaye yana zubar da ruwa. Mu abin da muka kai rumbu bai rufe ko gindinsa ba.

Na jira Baba ya yi magana. Na shirya wa zagi, wallahi na ma ƙosa ya zo. Ya leƙa rumbun, ya ce, "Alhamdu lillahi, Allah shi sa albarka." Shi ke nan. Har ya bar duniya bai taɓa ce mini "na gaya maka" ba. Da ya ɗauki sanda ya fasa mini kai da ya fi mini sauƙi.

Tuwon geron da ya tsiro ba ya kamawa. Hajo ta tuƙa ta tuƙa, ya ƙi, sai ya kwanta a akushi da wani zaƙi-zaƙi mai tsami wanda yake tayar da zuciya. Yara suka yi ta gudawa. Haka muka ci shi har sanyi ya wuce. Na tafi Bakura ina aiki a gonakin shinkafar mutane, in samo abin da ya samu in kawo. Surukina yakan aiko da ƙashi da tumbi ranar kasuwa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa goranta mini naman gayya ba. Amma shi ma da nasa bakin da yake ciyarwa.

Azumi ya faɗo a tsakiyar bazara a shekarar. Zafi kamar a bakin tanda, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa, tafki ya ja da baya ya bar laka mai tsagewa, kamar ba shi ne ya cinye mu ba. Mata suka riƙa shiga lakar suna tono bado, a shanya a daka. Mu dai azumin bai zame mana sabon abu ba, tun kafin a ga wata muke yinsa. Da aka sha ruwa sai kunun dusa da kwaɗon zogale, in an samu ƙuli-ƙuli ranar an yi Sallah.

Aka yi Sallah, kowa ya ajiye azumi ban da Baba. Ya ce zai yi sittu Shawwal. Ya gama, ya ce Litinin da Alhamis. Daga nan ya ƙara da kwana uku na tsakiyar wata. Kafin ruwan shuka ya sauka ya koma yau azumi gobe hutu. Mutane suna ta yaba masa, tsoho ya kama ibada. Ni ma har ina alfahari da shi. Dubi wautata.

Ruwa ya sauka, Baba ya sauko da irin da ya rataye a ɗakinsa, muka shuka. Ba don wannan buhun ba da ko shukar ba mu yi ba. Sai dai tsakanin shuka da girbi nan ne yunwa take da haƙora. Rumbu ya zama wurin kwanan kaji. Tafasa, rama, lalo, duk ganyen da ba ya kisa mun ci shi. Mutum ya riƙe fartanya ya sunkuya, in ya ɗago sai ya ga gari yana juyawa.

A gidanmu, kamar kowane gida, babba ba ya cinye abincinsa tas. Yakan bar ragowa a akushi, yara su ɗauka su cinye. Baba shi kaɗai yake ci a zaure, in ya gama ya kira jikokinsa da autanmu su ɗauke akushi. Wata rana da yamma na dawo daga gona, Hajo ta tare ni a bakin madafa da akushin a hannunta. Ta ƙwace shi ne daga hannun yara.

Ta ce, "Malam, duba nan."

Na ce, "Mi zan duba? Ragowa ce."

Ta ce, "Ni na zuba shi, na san abin da na zuba. Babu abin da ya ragu. Juya shi kawai yake yi ya lotsa da yatsa, don a ce ya ci. Yau kwana nawa ina lura."

Na duba. Ga shaidar yatsunsa uku a jikin ɗan tuwon dusar, amma ko loma ɗaya ba a gutsura ba. Ranar da yake azumi ya sha ruwa da ɗan kunu, ranar da ba ya yi ya lotsa tuwo ya miƙa wa yara.

Na shiga zaure da akushin. Na durƙusa na ce, "Baba, don girman Allah ka ci. Ni na yi laifin, ni ya kamata in kwana da yunwa."

Ya ce, "Kai kana noma. In ka faɗi, wa za shi riƙe fartanya? Ɗiyan ga kuwa ba su san komi ba."

Na ce, "To ka bar azumin."

Ya ce, "Wanga tsakanina da Ubangijina ne. Gandu na ba ka, ban ba ka shi ba. Kira min yaran."

Daga ranar Hajo takan tsaya a kansa sai ya ci, ita da ko ido ba ta haɗawa da shi saboda kunyar suruki. Yakan yi loma biyu don ta tafi. Amma an makara. Ƙafafunsa suka kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Cikin marka, ana ruwa ba dare ba rana, ya kwanta. Kullum na dawo daga gona tambayarsa ɗaya ce, gero ya fitar da kai? Na ce ya fitar. Ya fara ƙwaya? Na ce ya fara. Ya ce, "Madalla." Ya rasu ranar wata Juma'a da hantsi, saura kamar kwana goma a fara cin tumu. Ranar da aka gasa tumun farko a gidanmu yara suna ta murna suna ƙona baki. Ni na fita bayan gari, don ƙanshin ma ban iya jurewa ba. Har yau ba na cin tumu.

Shekara talatin na yi ina girbi yadda yake yi. Yanki yanki, daga ƙasa zuwa tudu, sai raɓa ta sauka, sai shamuwa sun tafi. Aka yi mini dariya kamar yadda aka yi masa, ban kula ba. Ban sake rasa gero ba sai da ɓarayin daji suka tashe mu daga ƙauyen, muka dawo nan muka raɓe a ɗaki biyu. Yanzu gonar sai dai a je ta a sace, a yi shuka a guje, a yi noma ana waige.

Jiya Laraba bayan asuba na bi ta filin bayan makaranta na cire takalmi na ratsa ciyawa. A bushe. Na dawo na kira Nasiru. Na shirya masa dogon bayani, har na ɗaura fuska, don na ɗauka zai yi mini irin gardamar da na yi wa nawa uban.

Na ce, "Ruwan ga bai ƙare ba. Kada ku kayar da geron nan."

Ya ce, "Na sani, Baba. Na gani a waya, na ji a rediyon Malam Bulus, kuma na ga ƙafarka. Ban musa ba."

"To don mi?"

"Gobe kaɗai 'yan sa-kai za su raka mu. Yini ɗaya, sai kuma bayan kwana huɗu su sake raka mu mu ɗaure mu kwaso. Babu wanda zai tsaya mana wata guda muna yanki yanki. In mun bar shi a tsaye, ɓarayin nan ne za su girbe, ko su sa masa wuta. In mun kayar, wataƙila Allah ya ba mu rana huɗu."

Gaba kura baya sayaki. Ni an gaya mini na ƙi ji, shi ya ji ya yarda, kuma duk da haka inda na taka nan zai taka. Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya cika ni, na rasa wanda zan huce a kansa. Abin da na iya ce masa kawai shi ne, kafin kowa ya sa magirbi, ya ɗauki wuƙa da buhu ya zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaura a babur ya dawo da ita a ranar. Ya ce to.

Da magariba Hajo ta kawo mini tuwo a ƙofar ɗaki. Ta tsufa ita ma, amma idon nan nata yana nan. Jikokinmu uku suna wasa a tsakar gida suna jiran ragowa. Na yi loma biyu, na tsaya. Ban san lokacin da na juya tuwon na lotsa shi ba. Na kira yaran, na kuma ce mata, "Ki tashe ni sahur, gobe Alhamis."

Ta riga yaran isa wurin kwanon. Ta ɗaga shi ta duba, ta dube ni. Ta kori yaran ta ce nasu yana tukunya. Sannan ta dire mini shi a gabana har miya ta fantsala, ta ja kujera ta zauna.

Ta ce, "Malam, buhu biyu na masara suna cikin ɗaki, ba a ko kayar da geron ba tukuna. Kuma ko babu ƙwaya ɗaya, wanga azumi an yi shi sau guda a gidan ga, ni na wanke akushin. Ba ni wanke na biyu. Ci ina kallo."

Na ci tana kallo, har na suɗe kwanon.

Yau da asuba su Nasiru suka tafi, babura bakwai, kowa da magirbi ɗaure a baya. Na raka su bakin titi. A hanyar dawowa na sake cire takalmi na bi ta cikin ciyawar bayan makaranta, na je ƙarshe na dawo, na sake komawa ko na yi kuskure. A bushe take.